Hywel Dda na Wales: sarki nagari ne, ko dai ya iya kai gaisuwa ne?

Baban Walid: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata biyu ke nan a Aberystwyth, a gaɓar yammacin Wales, kuma akwai sunan da ya hana ni sakat: Hywel Dda. Yana jikin allon asibiti, yana kan takardar ganin likita, don hukumar lafiyar yankin nan sunansa ta ci. Da farko na ɗauka wani attajiri ne ya gina musu asibiti. Ashe sarki ne da ya mutu wajen shekarar 950, kuma ma'anar sunan ita ce "Hywel Nagari". Makon jiya na hau babban ɗakin karatu na ƙasa da ke kan tudu a garin nan, inda ake ajiye tsofaffin littattafan dokokin da ake jingina masa, sai na sauko da tambaya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana zarya fadar Ingila, ya kuma kori 'ya'yan ɗan'uwansa daga gadon ubansu, ta ina ya zama Nagari? Masana tarihin zauren nan, a warware mana.

Ɗan Gumel: Wa alaikumus salam Yaya. Ni da na ga "Dda" na ɗauka "Ɗa" ne madannin wayarka ya ƙi ba ka ƙugiya.

Baban Walid: Haha, a'a ƙanena. "Dd" a harshensu kamar harafin zalun ne na Larabci, wanda ake sa harshe tsakanin haƙora. Sunan kuma kusan "Hawel" suke faɗa. Cikakken sunansa Hywel ap Cadell, "ap" ɗin shi ne "ɗan" a wajensu.

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Baban Walid, tambayarka ta yi kyau, amma kafin a yanke wa mutum hukunci sai a san gidan da ya fito. Wales a lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce. Akwai Gwynedd a arewa, Powys a gabas, Seisyllwg da Dyfed a kudu maso yamma, Brycheiniog a tsakiya, sai Gwent da Glywysing a kudu maso gabas, kowacce da sarkinta. Kakan Hywel shi ne Rhodri Mawr, wato Rhodri Babba, wanda Ingilishi suka kashe a 878. Uban Hywel, Cadell, ya riƙe Seisyllwg, da ya rasu sai Hywel da ɗan'uwansa Clydog suka gaje shi. Dyfed kuwa ta hanyar aure ta shigo: ya auri Elen, 'yar Llywarch ap Hyfaidd, sarkin Dyfed da ya mutu wajen 904. Clydog ya mutu a 920, sai ƙasashen biyu suka dunƙule a hannun Hywel, abin da aka sani daga baya da Deheubarth. A 942 ya ƙara da Gwynedd da Powys. Daga nan har mutuwarsa, kusan duk Wales tana ƙarƙashinsa in ka cire kudu maso gabas.

Ɗan Gumel: Allah ya gafarta Malam, kun tsallake wuri mai ɗaci. Na ɗan duba yanzu. Bayan mutuwar Llywarch, ɗan'uwansa Rhodri ap Hyfaidd (ba Rhodri Mawr ba) ne ya hau, kuma ba a daɗe ba aka fille masa kai a Arwystli. Shi ke nan sai ga Dyfed ta faɗo hannun suruki. Aure ne kawai ya yi wannan aikin?

Malam Idi: Ban tsallake don ɓoyewa ba, ɗana. Tsohon littafin tarihin Wales da ke jera abubuwan da suka faru shekara-shekara ya faɗi fille kan, bai ambaci wanda ya ba da umarni ba. Amma ba zan musa maka ba, 'ya'yan Rhodri Mawr sun daɗe suna matsa wa Dyfed lamba. Asser, malamin cocin St David's da ya rubuta tarihin Sarki Alfred na Ingilishi a 893, ya ce tsoronsu ne ya sa Hyfaidd, kakan ita Elen ɗin, ya nemi inuwar Alfred. To auren nan, a ganina, hatimi ne aka buga a kan abin da takobi ya riga ya gama.

Ɗan Gumel: Madalla. To mu je ga babbar. A 918 Hywel da Clydog da Idwal Foel na Gwynedd sun miƙa wuya ga Edward, ɗan Alfred. A 927 ga sunan Hywel a cikin waɗanda suka yi wa Sarkin Ingila Athelstan mubaya'a a Eamont. Daga 928 zuwa 949 sunansa yana fitowa a jerin shaidu a takardun fadar Ingila, ana kiransa "ƙaramin sarki". A 934 ya bi Athelstan yaƙin Scotland. Ɗansa ma Edwin ya raɗa masa, sunan Ingilishi. Jikan mutumin da Ingilishi suka kashe fa! In wannan ba bara ba ne, to me ne ne bara?

Maman Husna: Ɗan Gumel, a hankali dai, kar wayar ta fashe.

Ɗan Maraɗi: Ni harajin ne ya ba ni mamaki. An ce a Hereford Athelstan ya aza wa sarakunan Wales laba 20 na zinariya, laba 300 na azurfa, da shanu 25,000 duk shekara, ban da karnuka da shahunan farauta. Wannan jangali ko Bafillacen da ya fi kowa garke ya ji sai ya yi ƙaura.

Malam Idi: Wanda ya kawo waɗannan alƙaluma William na Malmesbury ne, kuma ya rubuta su kusan shekara 200 bayan abin ya faru, ga shi mai son Athelstan. Shanu 25,000 duk shekara daga ƙasar duwatsu irin Wales, masana da yawa suna ganin an sa gishiri. Amma harajin kansa gaskiya ne, don akwai shaida daga ɓangaren waɗanda suka biya. Wata tsohuwar waƙa ce ta Welsh, Armes Prydein, wadda masana da dama ke sa ta a zamanin Hywel. Mawaƙin cike yake da fushi a kan masu karɓar haraji na babban sarki da ke Cirencester. Yana kira ga Welsh su haɗa kai da mutanen Ireland, da Vikings (mahara masu jiragen ruwa daga arewacin Turai) na Dublin, da Scotland, da Cornwall, da Brittany, a kora Ingilishi har teku. Ka ga Ɗan Gumel ba shi ne na farko da ya ji wannan zafin ba, an riga shi da shekara dubu da ɗoriya.

Ɗan Gumel: Allah ya saka, Malam. Ashe ina da magabata.

Malam Idi: Kana da su. Sai dai ka ji yadda ta kaya. Irin ƙawancen da mawaƙin ke mafarki ya tabbata a 937: Olaf na Dublin, Constantine na Scotland da Owain na Strathclyde suka haɗu suka kara da Athelstan a Brunanburh. An ragargaza su, sarakuna biyar suka kwanta a filin. Ba a ga Hywel a cikin masu ƙawancen ba. Da ya bi shawarar waƙa, da watakila na shida ne.

Baban Walid: Wannan shi ne abin da wani dattijo Bawelshe da muke aiki tare ya ce min. Ya ce Hywel ya ƙirga dakarunsa, ya ƙirga na maƙwabcinsa, ya ga ƙwai ba ya ja da dutse.

Malam Idi: Kuma ya ga misali da idonsa. A 916 Aethelflaed, 'yar Alfred mai mulkin Mercia a tsakiyar Ingila, ta aika runduna Brycheiniog bayan an kashe wani shugaban gidan ibada. Suka fasa fadar sarki da ke tafkin Llangorse, suka tafi da matar sarki da wasu mutum 33. A 914 kuma jiragen Vikings sun shigo ta bakin kogin Severn sun kama Bishop Cyfeiliog, sai da Edward ya biya fam 40 aka sako shi. Gabas Ingilishi, yamma masu jiragen ruwa. Dole ka zaɓi wanda za ka biya. Ka kuma lura, a waɗancan takardun da Ɗan Gumel ya ambata, sunan Hywel ne ke gaba da na sauran sarakunan Wales. Ya mayar da zaryar fada jari.

Ɗan Gumel: Jarin da ya ci ribarsa a kan jininsa. Idwal Foel ɗan Anarawd ne, Anarawd da Cadell kuma uba ɗaya. Shi ma Idwal ya yi ta zuwa fadar nan, amma a 942 Ingilishi suka kashe shi. Me Hywel ya yi? Ya je ta'aziyya? Ya kori 'ya'yan mamacin, Iago da Ieuaf, ya haye gadon. Wane ne zai ce min ya yi haka ba da yardar Sarki Edmund na Ingila ba?

Malam Idi: A nan ba ni da abin kare shi. Ka yi gaskiya.

Goggo Rabi: Kai, yau an ga abin mamaki, Malam ya sallama wa yaro.

Maman Husna: Ni ku bar ni da yaƙe-yaƙenku, dokokin ne suka ja ni, don aikin lauya na karanta. Yaya Baban Walid, abin da ake kira Cyfraith Hywel, Dokar Hywel, shi ne tushen laƙabin, ba siyasarsa ba. Ginshiƙinta sulhu da biyan diyya. In aka kashe mutum, dangin wanda ya yi kisan su biya dangin mamaci abin da suke kira galanas. Ba shi kaɗai zai biya ba: kashi ɗaya cikin uku a kansa da na kusa da shi, sauran a kan dangi na nesa, dangin uba su ɗauki biyu, dangin uwa su ɗauki ɗaya. Duk wanda ya karanta babin diyya da aƙila a fiƙihu zai ji kamar ya san wurin, ko da yake babu wanda ya ɗauka daga wani. Hikimar a fili take: in kowa a zuri'a zai ji a aljihunsa, kowa zai ja wa ɗan banzan gidan kunne tun kafin ya ɗauki wuƙa. Sannan akwai sarhaed, kuɗin cin mutunci, wanda ake biya daban da na rauni.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne hukuncin mayunwaci. Ɓarawon da aka kama da kaya a hannu ana iya rataye shi. Amma in mutum ya kwana uku yana bara, ya bi ƙauyuka uku, gida tara a kowane ƙauye, ba wanda ya ba shi ko loma, sannan ya saci abinci, ba a kashe shi. A ganina, laifin ya koma kan gidaje 27 ɗin da suka rufe masa ƙofa.

Goggo Rabi: Allah sarki. To mata fa, 'yata? Ko su ma shanu ne a wajensu?

Maman Husna: Goggo, nan ne ake yawan yabonsu, kuma nan ne ake yawan wuce gona da iri. Abin yabon: miji yana ba amarya kyauta ta kanta da safen daren farko, sunanta cowyll, kuma tata ce. In aure ya mutu kafin shekara bakwai, tana fita da wani kaso da aka ƙayyade gwargwadon darajar gidansu. In ya kai shekara bakwai, dukiya biyu ake rabawa. Har an jera kayan: aladu na miji, tumaki na mata, dutsen niƙa na sama nasa, na ƙasa nata. Kuma tana da ikon barinsa ba ta rasa haƙƙinta ba saboda abu uku: kuturta, gazawa a shimfiɗa, da warin baki.

Ɗan Maraɗi: Warin baki! Jama'a a riƙe asuwaki da kyau.

Goggo Rabi: Ni raba dutsen niƙan ne ban gane ba. Shi ya tafi da ɗan dutse, ita ta tafi da uwar, wa zai yi niƙa? Ko dabara ce ta a dawo a sasanta?

Maman Husna: Ni ma haka na fassara shi a raina, Goggo, amma fassarata ce. Ga ɗaya gefen kuma. Diyyar mace rabin ta ɗan'uwanta ce. Gadon gona na maza ne a mafi yawan hali. Akwai kuɗin da ake biya wa ubangidan ƙasa in yarinya ta yi aure, amobr. An kuma halatta wa miji duka a kan abu uku, ciki har da in ta yi wa gemunsa mugun fata. 'Ya'ya in an rabu, uba ya ɗauki babba da ƙarami, uwa ta ɗauki na tsakiya. Bayi ma suna nan, kuma in an kashe bawa ubangijinsa ake biya, kamar an kashe masa sa. Saboda haka masu cewa Wales ta 'yanta mata tun ƙarni na 10, su rage murya kaɗan.

Baban Walid: Ku bari in sa muku na kyanwa, shi ne kowa a nan ya haddace. Ɗan kyanwa kwabo ɗaya ne kafin ya buɗe ido, kwabo biyu har ya kama ɓera, daga nan kwabo huɗu. Wanda ya kashe kyanwar da ke gadin rumbun sarki kuwa, sai a riƙe ta ta wutsiya kanta yana taɓa ƙasa, ya yi ta zuba alkama har tsinin wutsiyar ya ɓace. A cikin ma'aikatan fada ma akwai wanda aikinsa shi ne ya ɗora ƙafafun sarki a cinyarsa lokacin liyafa har a tashi barci.

Ɗan Gumel: Wannan muƙamin har yanzu ana nemansa a wurare da yawa, sunan ne kawai aka canza.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Gumel, mu tsaya a Wales don Allah.

Malam Idi: Yanzu ni zan zuba wa zancen ruwa, Maman Husna ki yi haƙuri. Labarin da ke farkon littattafan dokar shi ne Hywel ya kira wakilai shida daga kowace gunduma zuwa Tŷ Gwyn ar Daf, garin da ake kira Whitland yau, suka zauna tsawon azumin Kirista na kwana 40, suka tace tsofaffin al'adu, suka zubar da wasu, suka gyara wasu. Labari mai daɗi. Amma babu wani rubutu na zamaninsa da ya ambaci wannan taro. Littafin tarihin shekarun da ya faɗi tafiyarsa Rum a 928, ya kuma faɗi mutuwarsa, bai ce komai a kan doka ba. Tsofaffin kwafen da suka rage na ƙarni na 13 ne, kusan shekara 300 bayansa. Wasu kwafen ma sun ce ya kai dokar Rum don Fafaroma ya sa albarka, alhali tafiyar Rum 928 ce, kuma bai samu ikon tara dukkan Wales ba sai bayan 942. Lissafin bai hau ba. Laƙabin "Dda" ɗin ma ba a zamaninsa aka fara rubuta shi ba.

Maman Husna: Na san da haka, Malam, kuma ban ce shi ya rubuta zancen kyanwa da hannunsa ba. Littattafan na lauyoyi ne, kowane zamani yana ƙara nasa, shi ya sa aka kasa su gida uku: na Cyfnerth, na Blegywryd, da na Iorwerth. Amma ga abin da ke hana ni watsar da labarin gaba ɗaya. Gidan Iorwerth a Gwynedd aka tsara shi, a ƙarƙashin zuri'ar Idwal Foel, wato jikokin mutanen da Hywel ya kora. Duk da haka sunan Hywel suka bari a kan dokarsu. Da ƙirƙira ce kawai ta mutanen kudu, me zai sa arewa ta karɓi sunan wanda ya ci gidansu? Sai in sunan ya riga ya kafu yadda ba ya ciruwa.

Malam Idi: Wannan hujja ce mai nauyi, na karɓa. Abin da zan ƙara shi ne sunan ya yi musu amfani a ƙarni na 12 da na 13, lokacin da Normans (waɗanda suka ci Ingila da yaƙi daga Faransa) da Ingilishi ke cewa dokarsu ta jahilci ce. Akbishop Pecham na Canterbury ya kai ga cewa Shaiɗan ne ya hure wa Hywel kunne, musamman saboda saki, da kuma yadda ɗan da aka haifa ba aure yake cin gado daidai da sauran in uban ya amsa shi. To cewa sarki mai tsoron Allah wanda ya je Rum ne ya kafa dokar, tare da malaman coci, garkuwa ce.

Baban Walid: Kuma dokar ta yi tsawon rai fiye da masarautar. Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya soke ɓangaren manyan laifuka a 1284, sauran ya ci gaba har dokokin Henry na Takwas na 1536 da 1543. A 2012 ɗakin karatun nan namu ya sayo kwafi ɗaya da ya yi zaman Boston a Amurka, a kan fam 541,250. Ginin ofisoshin 'yan majalisar Wales a Cardiff ma Tŷ Hywel sunansa.

Ɗan Gumel: Masarautar kuwa ko makokinsa ba a gama ba ta tsage. Iago da Ieuaf suka dawo, suka ci 'ya'yansa da yaƙi a Carno, suka karɓe Gwynedd. Ina haɗin kan?

Malam Idi: Ya bi shi kabari. Owain ɗansa ya riƙe kudu har 988. Amma ka dubi abin da ya biyo baya kafin ka raina shekarun zaman lafiyar. A 987 Vikings suka kwashi mutum 2,000 daga tsibirin Anglesey. A 989 jikan Hywel, Maredudd, ya biya su kwabo ɗaya a kan kowane kai. A 999 suka fasa St David's suka kashe bishop. Wanda ya zo ya haɗa Wales duka da ƙarfin takobi, ya kuma tsaya wa Ingila, shi ne Gruffudd ap Llywelyn, kuma a 1063 mutanensa ne suka sare kansa aka aika wa Harold, jagoran rundunar Ingila.

Ɗan Gumel: Ni dai har gobe Gruffudd ne nawa, Malam. Amma na yarda da wuya talakan Dyfed ya yarda da ni.

Ɗan Maraɗi: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Akwai wani abu nasa da ya rage wanda hannu zai taɓa? Ba labari ba.

Baban Walid: Akwai kwabon azurfa guda ɗaya tak, an rubuta HOWÆL REX a jikinsa, wato Sarki Hywel. Yana British Museum a Landan. A Chester aka buga shi, cikin Ingila, a hannun wani maƙerin kuɗi mai suna Gillys, kuma fasalinsa irin na kuɗin Ingilishi ne na lokacin.

Ɗan Gumel: Kun ji ko? Kwabon ma a gidan ubangida aka buga masa.

Maman Husna: Ko kuma ka ce ya kai matsayin da maƙeran Ingila ke buga sunansa da "sarki" cikakke, ba "ƙarami" ba.

Goggo Rabi: Baban Walid, in ka je Landan ka ɗauko mana hotonsa. Ka kuma tambayi dattijon nan naku zancen dutsen niƙa, har yanzu yana raina.

Baban Walid: In sha Allah, Goggo. Ranar Litinin muna aikin safe tare.